Kwano Biyu na Ikilima

Mutum biyar ne wannan labari ya shafa. Akwai Malam Daudu, manomin gero da gyaɗa a Roni. Da matarsa Ikilima, wadda Allah ya yi wa rasuwa wata takwas kafin abin da zan faɗa ya faru. Da autarsu Nafisat, ma'aikaciyar ofis a Kazaure. Da Zaharadeen mai acaɓa. Sai wata tsohuwa mai suna Tasalla, da ke zaune a wani ƙauye ta wajen Gwiwa.

Sana'ar Ikilima ita ce matse man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Shekara huɗu kafin rasuwarta, Nafisat ta saka mata manhajar lissafi a waya, ta koya mata shigar da abin da ta saya da abin da ta sayar. Ikilima ba ta da saurin rubutu. Da yatsa ɗaya take dannawa tana motsa leɓe, amma ba ta taɓa barin rana ta wuce ta ba. Da ta rasu, Malam Daudu ya naɗe wayar a mayafinta ya sa a akwati. Duk Juma'a yakan kai ta caji, ko da yake ba ya buɗe komai a ciki.

Ana nan sai Nafisat ta sami saƙo cewa masu manhajar za su rufe ta a ƙarshen wata, abin da ba a kwashe ba kuma ya tafi ke nan. Ranar Asabar da hantsi ta iso Roni da kwamfutarta, saura kwana biyu a rufe. Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kwashe lissafin mahaifiyarta duka zuwa wata sabuwar manhaja. Komai ya shiga lafiya, in ban da layi casa'in da shida da suka fito da jan launi. Rabinsu naira biyu ta fita, rabinsu naira ɗaya ta shigo.

"Baba, Inna ce ta riƙa kuskuren dannawa," in ji Nafisat. "Me ake saya da naira biyu a zamanin nan? Bari in goge su lissafin ya tsaya daidai."

Malam Daudu ya matso ya dubi jajayen layukan.

"Matar da ke ƙirga ƙuli-ƙuli sau biyu kafin ta ƙulla, ita ce za ta yi kuskure iri ɗaya har sau casa'in? Kada ki goge. Duba min a wayarta."

Nafisat ta buɗe tsohuwar manhajar. Ashe a ƙarƙashin kowane layi akwai ɗan gurbi na bayani, wanda sabuwar ba ta ɗauko ba. Ta karanta na farko: "Tasalla, gero kwano biyu, ta hannun Zaharadeen." Ta karanta na biye da shi: "Daga Tasalla, daddawa ƙulli ɗaya." Haka yake duk wata. Manhajar ba ta karɓar layi sai da lamba, shi ya sa Ikilima take sa yawan kwanon a gurbin kuɗi.

Kafaɗun Malam Daudu suka fara girgiza da dariya.

"Ga ɓerayen," in ji shi. "Duk wata sai Innarki ta ce min ɓeraye sun shiga rumbu. Na sayi magani, na toshe ramuka, har kyanwa na aro a maƙota. Kyanwar nan wata biyu ta yi tana cin tuwona a banza."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya tuna cewa tun rasuwar, geron bai ƙara raguwa ba.

"Wace ce Tasalla, Baba?"

"Maƙociyarmu ce a da. Shekarar da aka haife ki damina ta ƙi, rumbunmu ya kwana babu komai. Tasalla ta shigo da gero kwano biyu a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye wa Innarki, ta fita. Bayan mijinta ya rasu ta koma ƙauyensu. Ta zo ta'aziyyar Innarki, na gan ta zaune a bakin ƙofa. Ba ta ce min komai ba."

Suka aika a kira Zaharadeen. Ya durƙusa ya gaida Malam Daudu, kansa a ƙasa.

"Baba, Inna ce ta ce kada in faɗa wa kowa. Bayan ta rasu na rasa ta inda zan fara."

Tun daga azahar har bayan la'asar uba da 'ya suna zaure. Bayanan ba za su kwasu ba sai da hannu. Malam Daudu ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yana karantawa sannu a hankali, Nafisat tana bugawa. A wani layin Ikilima ta ƙara da cewa, "Ƙafarta ta yi sauƙi." A wani kuma, "Ta ce in gaida maigida. Ban gaishe shi ba, kada ya gane." A nan ya ajiye wayar, ya fita ya duba akuyoyi, ya jima kafin ya dawo su ƙarasa.

Da safe ya sa aka auna kwano goma sha shida, na wata takwas, a buhu. Zaharadeen ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, in muka kai buhu ba za ta karɓa ba, za ta ce sadaka aka kawo mata. Inna biki take kiransa, irin na mata, ki ba ni in ba ki. Kwano biyu ne. In ta miƙo daddawa kuma, a karɓa."

Malam Daudu ya sa aka rage. Ya hau bayan Zaharadeen, Nafisat ta bi su a wani babur ɗin.

Sun tarar da Tasalla tana tsince wake a gindin bango. Ta rame. Bayan an gaisa an yi wa mamaciya addu'a, Malam Daudu ya tura mata ƙullin geron.

"Bikinku ne, ke da marigayiya. Mun makara, ki yafe mana."

Tasalla ta dubi ƙullin ta jima. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da faifai, a kai ƙullin daddawa takwas.

"Ni ban fasa yi ba. Duk wata nakan ƙulla in ajiye, ban san wanda zan ba."

Nafisat ta ƙirga da ido, ta share fuska da bakin mayafi.

"Inna Tasalla, takwas kika bayar, mu kuma na wata ɗaya muka kawo. Lissafin bai daidaita ba."

"Ke ce jaririyar nan mai kukan tsiya?" in ji Tasalla. "To, ku je ku daidaita shi."

Kashegari Zaharadeen ya kai sauran kwano goma sha huɗu. Kafin Nafisat ta koma Kazaure, ta saka sabuwar manhajar a wayar mahaifiyarta, ta buɗe wani gurbi dabam ta sa masa suna Biki, inda lamba take nufin kwano. Malam Daudu ya karɓi wayar, ya shigar da layin farko da yatsa ɗaya, yana motsa leɓe.

Iyakar abin da na sani ke nan. Wanda ya ga na kauce a suna, ko a ƙirga, ko a rubutu, ina roƙonsa ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri.