Rubutun Cikin Hular Datti

"Ba waccan ba," in ji Datti. "Ta ƙarshen. Mai ruwan toka, mai gwangwani a kumatu."

Ƙanensa Isiyaku ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da hular a hankali, kamar mai sauke tukunyar ƙasa. Sammani, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Datti shekara goma sha takwas, yana zaune kan tabarma a bakin ƙofa.

Kwana uku ke nan da aka tsinci Datti kife a cikin kunyar tumatir da tsakar rana, tankin feshi goye a bayansa, wannan hular a kansa. Da aka cire ta, yawu ya cika masa gemu, jikinsa sai rawa yake. An kai shi asibiti, aka yi masa allurai da ƙarin ruwa. Jiya ya ce ya ji sauƙi, ya matsa lamba har aka sallame shi. Yau da hantsi kuwa ya kasa ɗaga kansa daga matashi, kuma duk kalma biyar sai ya tsaya ya nemi iska.

"Tsutsa ba ta jiran mai jinya," ya ce. "Rabin gonar ban taɓa ba. In an kai jibi, sai dai a kwashe wa awaki."

"Zan yi, Yaya," in ji Isiyaku. "Ƙyalle zan ɗaura a hanci kamar kowa."

"Ƙyalle." Datti ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya tare shi. "Ga abin da aka yi domin aikin, kana maganar ƙyalle. Tiyon tankin ne ya yi yoyo ya jiƙa mini baya. Hular ba ta da laifi. Tambayi Malam, shi ya karanta."

Isiyaku ya waiwayo. Sammani ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma.

Duk unguwar, daga bakin kanal har masallacin Juma'a, an san ɗakin Datti. Huluna takwas ne jere a kan kanta, irin na mayaƙan finafinan sararin samaniya: farare uku, baƙa ɗaya mai sheƙi, ja mai ƙaho guda, da sauransu. A jikin bango ya rataye sulken ƙirji na roba da wata doguwar bindiga da ba ta taɓa fitar da komai ba. Shekara tara yana tara su. In an kwashe tumatir, wasu su sayi babur, shi kuwa ya hau mota a Kura ya shiga birni wurin 'yan gwanjo, ya tsuguna gaban dilar kayan wasa yana tono. In ya samu, sai ya dawo ya tayar da janareta, ya sa faifai, ya tsayar da hoton daidai inda fuskar jarumin ta cika talabijin, ya riƙe hular kusa da gilashin yana ƙirga layi da rami. Wadda ta gaza ko da layi ɗaya, jabu ce, wurinta farkon kanta. Matarsa Hajara tana kiransu 'yan zaman ɗaki, ta ce su kaɗai ne baƙin da ba sa cin tuwo amma kullum sai an share musu ƙura. A majalisar bakin titi kuwa sunansa Ɗan Sama Jannati.

Ta tokar ce kaɗai ta ci jarrabawa. Layi huɗu a goshi, kamar na fim. Rami shida a haɓa, kamar na fim. Ranar da ya kawo ta, rani uku da suka wuce, majalisa ta cika, ana ta yi masa shaƙiyanci. Ya juya ta ya nuna wata 'yar takarda mai rubutun Turanci manne a ciki, ya miƙa wa Sammani, domin Sammani ne mai karatun unguwa. Shi ke buɗe ƙofofin ruwan kanal, ya yi sakandare a Dawakin Kudu, kuma duk robar maganin ƙwarin da ta shigo layin sai an kawo masa ya faɗi murfi nawa ake zubawa a tanki.

"Karanta musu, Malam. Su ji da kunnensu."

Sammani ya karanta a zuci. Ya ɗaga kai ya ga bakuna goma a buɗe suna jiran dariya, ya ga idon Datti yana ƙyalli kamar na ango. Sai ya ce, "Sun ce ta gaske ce. A kula da ita."

Sammani ya ɗauka a kan kantar ɗaki hular za ta ƙare. Amma mako biyu da suka wuce, yana kan kekensa a gefen kanal, ya hango ta a kan Datti tana tafiya a cikin tumatir da rana tsaka, feshin yana komowa kanta. Kowa da sassafe yake feshi, ya ba iska baya. Datti ya daina kula da wannan. Sammani ya rage tafiya, ya ce a ransa gobe in sun keɓe zai faɗa masa. Goben ta zo ta wuce.

Isiyaku ya saƙale hular a hammata ya fita. Sammani ya zauna har ya ji ƙarar tankin ana sauke shi daga ƙusa a zaure. Sannan ya tashi.

"Isiyaku. Bar ta a nan."

"Ka ji dai abin da ya ce."

"Na ji. Ka bari sai gobe da asuba, ka ɗaura ƙyalle, ka bi iska. Ni zan taya ka."

"Malam, kwana uku ban runtsa ba." Isiyaku ya ajiye tankin. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, bai saba a juya shi ba. "Mutum yana kwance, abu ɗaya ya roƙe ni. In na dawo zai tambaye ni ko na sa, kuma ni ban taɓa yi masa ƙarya ba. In da magana, faɗe ta."

Sammani ya dubi ƙofar gida, ya dubi ta ciki. Ya rage murya. "Hular ba ta tare komai. Roba ce."

"Kai ka ce ta gaske ce. Ina wurin."

"Na ce."

Daga cikin gida ana jin Hajara tana dama kunu.

"To ba a zaure za ka warware ba," in ji Isiyaku. "Inda ka ɗaure za ka kwance. In ka faɗa a gabansa, na ajiye. In ba ka iya ba, ba zan saɓa wa yayana a kan raɗa ba."

"Ka ga yadda yake numfashi. Wannan ne kaɗai abin da ya rage masa yana alfahari da shi."

"Ni ma numfashi nake."

Suka koma. Hajara ta shigo da kofin kunu, ta durƙusa tana tallafe da wuyan mijinta, amma kunun yana dawowa ta gefen baki. Ta goge da bakin mayafi.

"Har ka dawo?" in ji Datti. "Ko tsoron ta kake? Da farko akwai duhu, sai ido ya saba."

Sammani ya karɓi hular daga hannun Isiyaku. Har yanzu tana warin magani, wari mai kama maƙogwaro. Ya juya ta. Takardar tana nan, gumi ya sa ta yi rawaya, amma baƙin bai goge ba. Ya durƙusa kusa da katifa.

"Datti, zan sake karanta maka. Wancan karon ban karanta daidai ba."

"Kai ne ba ka karanta daidai ba? Yau kuma."

"Ga abin da suka rubuta." Sammani ya matso da hular kusa da ido. "Wannan abin ado ne da wasa. Ba ya kare kai, ko ido, ko numfashi. Kada a yi wani aiki da shi."

Cokalin Hajara ya tsaya a cikin kofi.

"Sake," in ji Datti.

Ya sake, a hankali, yana bin layin da yatsa kamar yadda yake yi da robar magani.

"Ba ni."

Hannuwansa ba su iya ɗaukar ta ba, sai Sammani ya ɗora masa a ƙirji. Datti ya kama gwangwanin kumatun dama yana son murɗawa. Bai taɓa buɗe shi ba, don kada ya lalata abin da ke tace iska. Yanzu ya murɗa, bai motsa ba. Ya dubi Isiyaku. Isiyaku ya zaro wuƙar aljihu ya sa a gindin ya ɓanɓare. Gwangwanin ya faɗo kan bargo ya gangara. Babu komai a ciki sai busasshen gam da gawar wani ƙaramin gizo-gizo.

A waje wata akori-kura ta wuce da kwandunan tumatir suna ƙara.

"Ranar ka sani?" in ji Datti.

"Na sani."

"Kuma ka gan ni a gona."

"Na gan ka. Ranar Talata, mako biyu."

"Inna lillahi," in ji Hajara, ƙasa-ƙasa. Ba ta kalli Sammani ba. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuskar da ke wajensa.

"Dariya na hana su yi maka," in ji Sammani. "Shi ke nan dalilina, ba ni da wani. Ka yafe mini, Datti."

Datti ya rufe ido. Ƙirjinsa yana ɗaga hular kaɗan, yana sauke ta. Sammani ya zuba wa wannan motsin ido, yana jin kamar in ya ɗauke kai zai tsaya.

"Layi huɗu," in ji Datti, idonsa a rufe. "Na ƙirga ya fi sau ɗari." Ya nemi iska. "Isiyaku."

"Na'am, Yaya."

"Ƙyalle. Da asuba. Ka ba iska baya."

"To, Yaya."

"Ɗauke ta. Ta yi nauyi."

Sammani ya ɗauke. Ya jira ko akwai saura, ko kalma ɗaya da ta shafe shi. Datti ya juyar da idonsa wajen bango, tun da wuyan ya ƙi juyawa.

Kafin azahar leɓunansa suka canza launi. Isiyaku ya fita da gudu neman mota, ya samu wani mai akori-kura da ya sauke kaya yana shan ruwa a bakin titi. Suka shimfiɗa katifa a baya. Hajara ta shiga gaba. Isiyaku ya hau ya zauna ta wajen ƙafafu, ya bar wajen kai babu kowa, bai kuma ce wa Sammani hau ko kada ka hau ba. Sammani ya hau. Ya ɗora kan Datti a cinyarsa, ya tokare haɓar da yatsu biyu don hanyar iska ta buɗe.

Hanyar gefen kanal duk rami ce. Direba yana sauri, Isiyaku yana bugun rufin mota yana cewa a hankali, in an rage kuma ya ce a ƙara. Sammani ya sunkuya yana maimaita kalmar shahada a kunnen Datti. Sau biyu ya ga leɓen ya bi shi. A karo na uku hannun Datti ya laluba ya kama bakin rigarsa, ya riƙe. Sammani bai san ko riƙon mai yafiya ba ne, ko na mai neman abin kamawa kawai. Ya ɗora nasa hannun a kai.

Ba su kai kwalta ba. Daidai ƙaramar gadar da ake juyawa zuwa Bunkure, riƙon ya saki. Sammani ya ci gaba da tokare haɓar har sai da Isiyaku ya matso ya duba, ya buga rufin motar sau ɗaya, ya ce wa direba ya juya.

Da la'asar gidan ya cika. An kewaye wani gefe na tsakar gida da zana, an kawo ruwa da ganyen magarya. Liman ya ce mutum biyu sun isa wanka, ɗan'uwa da wanda ɗan'uwan ya zaɓa. Sammani yana tsaye can jikin katangarsu, a bayan mutane. Ya san maganar ta riga ta zaga, domin waɗanda suka saba miƙo masa hannu yau kai kawai suka gyaɗa.

Isiyaku ya fito daga bayan zana, hannun rigarsa a naɗe. Ya dubi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Ya ratsa su har jikin katanga. Bai ko kalli fuskar Sammani ba. Buta ya miƙa masa.

A bayan zana an lulluɓe Datti daga cibiya zuwa gwiwa. Isiyaku ya naɗe hannunsa da tsumma, ya yi bisimilla. Da aka zo kai, Sammani ya ga wani siririn layi a goshin, inda bakin roba ya daɗe yana gurzar fata har ya yi kanta. Ya karkata butar kaɗan kaɗan, ya tare da tafin hannu kada ruwan ya shiga ido.