Lotsawar Ƙofar Hagu

Shekara huɗu ni da Baba muna gyaran tsohuwar motarsa a garejinmu na Norfolk a Ingila, 'yar ƙarama mai kujera biyu, wadda mutum ɗaya kan iya turawa. Komai mun sabunta, ban da wata lotsawa a ƙofar hagu. Kullum sai ya ce, "Bar ta tukuna, Bryony." Ni kuwa ba mai yawan tambaya ba ce.

Da ya je birnin Norwich kwana biyu, na bubbuga lotsawar har ta miƙe, na goge, na fesa koren fenti don in burge shi.

Ya dawo, ya ajiye kofin shayinsa, ya shafa wurin. Ya sake shafawa.

"Sannu, injiniya. Digirinki bai tafi a banza ba."

"Ya yi kyau, Baba?"

"Ya yi." Ya ɗauke hannunsa daga ƙofar. "Mamanki ce ta yi lotsawar nan, ranar da nake koya mata tuƙi. Ta daki ƙyauren gonar babanta, ta yi ta dariya har da hawaye."

Shekara shida ke nan da rasuwarta. Har yau, kafin ya shiga motar, sai ya zagaya ta hagu, hannunsa na laluben wurin.