Zinariyar da Ba a Ba Kowa Ba

Ƙauyen Bulama Tasi'u tudu ne a tsakiyar fadamar Haɗeja, sai da kwale-kwale ake isa. Baƙo ba ya kwana a can. Dokar ta samo asali tun zamanin mahaifinsa, lokacin da wasu masunta suka sauka, aka ba su masauki da tuwo, su kuwa suka zuba guba a tafki suka kwashe kifi, shanu bakwai suka sha suka mutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsohon ya ce daga ranar baƙo ya tsaya a bakin ruwa, a yi ciniki, ya juya.

Tasi'u ya gaji dokar, ya ƙara mata gishiri. Wata rana ya ji a rediyo cewa mutanen Japan sun taɓa rufe ƙasarsu fiye da shekara ɗari biyu, sai tashar ruwa guda da suka bar wa fatake. Ya kashe rediyon yana murmushi, wai ashe akwai masu hankali a duniya. Bai tsaya jin yadda aka ƙare ba. Dama shi ba ya jin magana har ƙarshenta.

Abin da yake karewa shi ne zinariya, jar shinkafarsu mai ƙamshi da ke tsawo tana bin ruwa. Babu wani gari da ke da irinta, kuma ko ƙwaya ba a taɓa ba kowa ya shuka ba.

Sai ga ambaliyar bana. Garuruwan da ke zumunci sun yi gayya sun ɗaga jingar tare ruwa, ba wanda ya tuna da mutanen da ba sa karɓar sallama. Ruwa ya cinye gonaki, ya shiga rumbuna ya yi kwana goma sha biyu. Da ya janye, irin da aka adana ya ruɓe, wari kawai yake.

Kunya ta kama Tasi'u, amma ya shiga kwale-kwale ya nufi Miga, gidan Fannami, ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana sayen shinkafa a bakin ruwansu. Fannami ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, abin da Tasi'u bai taɓa yi masa ba.

"Alhaji, zinariya nake nema," in ji Tasi'u, kansa a ƙasa. "Ko tiya ɗaya ce, mu shuka."

"Akwai, Bulama. Rabin buhu ya rage."

Zuciyar Tasi'u ta yi sanyi. Aka kawo buhun, ya tura hannu ya ɗebo, ya duba. Turararriya ce. Shi da kansa ya kafa dokar a turara kowace ƙwaya kafin ta bar tudu, don kada ta tsira a gonar wani.

"Sau nawa na roƙe ka shanshera, wadda ba a turara ba?" Fannami ya ce, ba da faɗa ba. "Da ka ba ni tiya, da yau na mayar maka da buhu goma."

Tasi'u ya dubi tafin hannunsa. Ya zuba ƙwayoyin a buhu a hankali, kamar masu rai ne.

"To me zan yi da wannan?"

"Ka kai gida a dafa," in ji Fannami. "Yara su ci, su san ɗanɗanonta."