Zobe a Bakin Tebur

A unguwar Nuzla ta Jidda idan ka tambayi wane ne Jaji, amsar takan bi bakin wanda ka tambaya. Masu shaguna za su ce ai mutumin nan ne mai teburin biliyardo da ba a shan taba a wurinsa. Samari za su ce tsoho ne mai tsauri, wanda ya taɓa fitar da ɗan kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama, waje don kawai ya ɗora riyal a bakin tebur. Matarsa Lubabatu kuwa cewa take yi da tebur yana cin abinci, da shi Jaji zai fara zuba wa. Amma duk sun haɗu a kan abu guda: idan Jaji ya ce ya tsaya maka, to ka je ka yi barcinka.

Shi dai a sinima ya fara ganin wasan. Lokacin ƙuruciyarsa akwai gidaje a tsohuwar Jidda da ake kafa farin ƙyalle a hoshi, wato tsakar gida, a nuna fina-finai masu baƙi da fari. Duk fim ɗin da aka sa biliyardo a ciki kamarsa ɗaya: ɗaki mai duhu, fitila ta sauko dab da tebur, hayaƙi ya turnuƙe, ga wani mai malfa yana yi kamar bai iya ba har sai ya ja wawa ya tuɓe agogonsa. Ƙarshe dai a karya sanda a bayan wani. Jaji ya so wasan, ya tsani hoton. Mahaifinsa, wanda bai taɓa ganin tebur ido da ido ba, har ya rasu yana kiran abin wasan 'yan iska, saboda abin da masu zuwa sinima suke faɗa.

Da Allah ya ba shi wuri, sai ya gina komai a kan saɓanin fim. Ya sa aka buɗe tagogi, ya sa farar fitila a sama can, ana kiran salla a rufe tebur da mayafi. A wasu wuraren mai jiran layi kuɗi yake ajiyewa a bakin tebur don ya riƙe gurbinsa. Jaji ya ce ko ƙwandala ba za ta taɓa katakonsa ba. Sai dattawan da ke zuwa bayan la'asar suka koma cire zoben azurfa suna jerawa. Wanda zobensa ke gaba shi ke da wasa, wanda ya ci sai ya ɗauki zoben mai shigowa ya miƙa masa tare da sanda, wanda aka ci kuma ya tashi ya zuba wa kowa shayi.

Zoben da ya fi kowane daɗewa a wannan katako na Maman Lawali ne, mutumin Nijar mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, wanda alhazan garinsu suke bar wa kayansu ajiya, kuma shi ke jan salla a masallacin layi idan liman ba ya nan.

Ana nan sai Ruba, 'yar ƙanin Jaji, wadda take karatun harkar fim, ta zo ta ce tana son ta ɗauki wurin. Haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta ce duniya ba ta san akwai irin wannan wuri ba, kuma tana son a gan shi yadda yake. Dattawa suka ƙi. Maman Lawali ya ce shi fuskarsa ko a iƙama, katin izinin zama, don dole ta shiga. Jaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce 'yarsa ce, shi ya tsaya mata. Da jin haka suka yarda, suka gyara zaman hula.

Ta yi kwanaki tana zuwa. Ta ɗauki shayi, ta ɗauki rufe tebur, ta ɗauki Abdelkader mutumin Cadi yana tsokanar Maman Lawali cewa hannunsa na rawa kamar mai auna yadi wa surukarsa. Wata rana ta zaunar da Jaji shi kaɗai ta tambaye shi labarin fina-finan da. Shi da ba ya doguwar magana, ranar ya saki baki. Ya kwatanta mata mai malfa, da yadda yake lallaɓa wawa, da yadda ake tuɓe wa mutum abin hannunsa yana murmushi.

Ranar da za a nuna fim ɗin a wani ɗan zaure cikin tsohon gari, Jaji ya sa farar riga, ya ɗauki Maman Lawali da Abdelkader a mota. Suka zauna a gaba.

Da farko bai gane wurinsa ba. An cire launi, an dusashe haske, tagogin nan nasa ba ko ɗaya. Turirin shayi ya koma hayaƙi. Sai ya ji muryarsa tana cewa, “Irin mutumin nan ba ya gaggawa. Sai ya bari ka ga kamar kai ne gwani.” A daidai nan aka cika allo da fuskar Maman Lawali yana goga alli a kan sanda. Aka nuna hannu yana zare zobe yana ajiyewa, aka nuna ƙwallo ta faɗa rami, aka nuna yatsun Maman Lawali suna ɗauke zoben. Ba a nuna inda ya miƙa wa mai shi ba. Ba shayi, ba mayafi, ba kiran salla.

Mutane suka yi tafi. Wani a baya ya ce wallahi kamar fim ɗin zamanin kakanni. Jaji ya mayar da su Nuzla. Da Maman Lawali zai sauka ne ya ce, “Jaji, ni ban san yarinyar ba. Kai na sani.”

Washegari Ruba ta zo gida da fara'arta. Da ta ga fuskarsa sai ta shiga bayani. Ta ce ba wanda zai zauna kallon tsofaffi suna shan shayi, ta ce salo ne na girmama tsofaffin fina-finai, kuma duk mai hankali zai gane ba gaske ba ne.

“Kin san ma'anar zoben?” in ji Jaji.

“Na sani, ya Ammi,” ta ce, tana kiransa baffa da Larabci, “amma...”

“Halas, ya isa. Abin da nake son ji ke nan.”

Da ta yi ne cikin rashin sani, da ya sami inda zai ajiye abin. Amma shi da kansa ya tsaya da ita a bakin katakon ya faɗa mata dalilin da ya hana kuɗi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne muryar. Shekarun da ya yi yana wanke wannan hoto daga jikin wasan, ga shi da bakinsa aka mayar da shi, a kan fuskar abokinsa.

Kafin mako ya zagayo guntun fim ɗin ya shiga wayoyi. Wani alhaji ya aiko a kwashe kayansa daga shagon Bab Makka, ya ce ba don komai ba, wuri ne ya samu kusa. A masallaci liman ya yi tafiya, aka tura wani gaba, Maman Lawali yana tsaye a sahun farko. Dattawa suka daina zuwa. Jaji yakan buɗe wurin bayan la'asar, ya share koren ƙyallen tebur, ya dafa shayi ya zauna har ya huce.

Ruba ta aiko da turare, ya ce a ba maƙwabta. Ta aiko da saƙo ta bakin Lubabatu cewa ta janye fim ɗin, kuma tana haɗa wani da duk abin da ta yanke. Ya ce madalla. Ta turo ubanta, Jaji ya saurari ƙaninsa har ya gama, sannan ya ce a gidansu kowa ya iya aiken turare, ba wanda ya iya buɗe baki ya nemi gafara, kuma ma ba shi ne aka fi ɓata wa ba.

Rannan Abdelkader ya gaya masa Maman Lawali zai zo gobe ya ɗauki sandarsa, wadda take rataye a bangon wurin tun buɗewarsa. Jaji ya faɗa wa Lubabatu haka a kan abinci. Ita kuwa ta tashi ta ɗauki waya.

Maman Lawali ya zo da Abdelkader da wasu dattawa biyu, suka gaisa a tsaye. Ya sauke sandar yana share ƙurarta da gefen riga, sai ga Ruba a bakin ƙofa, ba kyamara a hannunta. Ba wanda ya ce mata shigo. Ta tako har bakin tebur, ta zare ɗan zobenta ta ajiye a kan katako, ta koma gefe ta tsaya.

Abdelkader ya dubi Jaji. Jaji ya dubi zoben. Doka dai tasa ce, kuma ba wani zobe a gaban wannan.

“Layinki ne,” in ji shi.

Ta fara da Larabci, sai ta tsaya. Ta juya wajen Maman Lawali, ta durƙusa, ta shiga lalubo Hausar da ba ta saba fitarwa ba, kalma bayan kalma.

“Baba, na san ba caca kuke yi ba. Na sani, kuma na nuna ku haka don a yi mini tafi. Zan je masallaci da Bab Makka in faɗa, duk inda kuka ce.” Ta ɗago ta dubi Jaji. “Baffa, ka tsaya mini, na kayar da kai. Ku yafe mini. Na yi laifi.”