Ɗakin da Ke Magana

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, Tanko ya gina wa uwarsa ɗaki a Wara, ya rufa shi da kwano sabo fil. Ya ɗauko ta daga tsibiri a kwalekwale yana ta fankama. Inna Aminatu kuwa, wadda idonta ya rufe shekara shida ke nan, kwana uku kacal ta yi ta ce a mayar da ita.

"Ɗakin ga magana shikai," in ji ta. "Da hantsi ƙas-ƙas, da marece ƙas-ƙas."

"Inna, ƙarhe ne," in ji Tanko. "In ya sha rana shi miƙe, in ya huce shi koma."

Gaskiyar magana, ba kwanon ke cin ranta ba. A tsibiri ko ba ido tana ɗinkin komar kamun kifi. Nan kuwa sai a ajiye mata tuwo a ce sannu, kamar mara lafiya. Ta ɗaure kayanta, ta ce ran Juma'a za ta koma. Kafin ranar, don rashin abin yi, ta haddace lokutan da kwanon ke surutunsa.

Ana gobe tafiya, Tanko yana kasuwar Yelwa. Matarsa Asabe ta shanya warangi, ƙananan kifin nan, kamun mako guda, a kan tabarmi, ta shiga ɗakinta na ciyawa shayar da jariri. Barci ya yi gaba da ita.

Bayan azahar kaɗan kwano ya fara ƙas-ƙas, da sauri-sauri. Inna ta kasa kunne. Lokacin hucewarsa bai yi ba, to me ya tare masa rana?

"Asabe! Hito, hadari ya taso!"

Asabe ta fito a guje, ta ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Tana jan tabarmar ƙarshe ruwa ya ɓarke. Ta zauna gefen Inna tana haki, ta riƙe hannun tsohuwar. Daɗi ya cika Inna har hawaye.

Da safe Tanko ya zo ɗaukar kaya jiki a sanyaye, ya tarar an kwance ƙullin.

"Inna, kwalekwale na jira."

"Shi yi ta jira," ta ce. "In na tahi wa za shi ji muku hadari? Ku masu ido barci kukai."