Tukunyar Mabiyiya

A shekarun da ake shirin kwaso gwamnati daga Legas, aka ce ƙauyen su Asibi, can bayan Ushafa, zai tashi, ruwan dam zai cinye wurin. Asibi maginiyar tukwane ce. Abu ɗaya take roƙo kafin a tashe su: jikanta na fari ya faɗo a tsohon gida, a binne mabiyiyarsa a bayan rumbu, inda aka binne ta ubansa. Har 'yar tukunyar da za a saka ta ciki ta gina, ta gasa.

Ɗanta Zacharias birkila ne a Garki, sai ƙarshen mako yake leƙowa, don haka ita ta raka matarsa Lydia awo. Mai awon, Sista Rosemary, ta daɗe tana taɓa cikin.

"Mama, ƙugun yarinyar nan kamar ya matse, ga ɗan da girma. Ban ce ba za ta iya ba. Amma naƙuda na tasowa ku wuce babban asibiti, in ya ƙi saukowa a yi mata aiki."

"To, Sista."

"Wannan 'to' ɗin naki bai kwanta mini ba. Ki gaya wa mijin nata."

A hanya Lydia ta ce, "Mama, ke za ki faɗa masa ko ni?"

"Bar mini. Ni ɗin wata ƙatuwa ce? A kan gwiwata na haife su duka."

Zacharias ya zo, ya ci tuwo, ya koma. Asibi ba ta faɗa masa ba.

Da naƙuda ta zo, Asibi ta durƙusar da Lydia a ɗaki. Rana ta faɗi, ta sake fitowa. Lydia ta daina nishi, sai ido. Nan Asibi ta ruga bakin titi ta tare tifar yashi, ta kai su babban asibiti.

An yi aikin. Lydia ta rayu. Yaron, namiji, bai zo da rai ba.

Zacharias ya iso da siminti a ƙafafunsa. "Wurin awo ba su ce muku komai ba?"

Asibi ta buɗe baki, Lydia ta riga ta. "Sun ce mu zo da wuri. Ni na ce wa Mama mu ɗan dakata."

Da zaginta ta yi, da ya fi wa Asibi sauƙi.

A bayan rumbun aka binne yaron.

Ranar tashi, ana loda kaya a mota, Lydia ta fito a hankali, dafe da ɗinkinta, 'yar tukunyar nan a ɗaya hannun.

"Bar ta nan, 'yata."

"A'a, Mama. Na gaba a asibiti zan haife shi. Sai mu kawo miki mabiyiyarsa ki binne a sabon gida."

Asibi ta kasa kallonta. Ta karɓi tukunyar, ta ɗora a kafaɗa, ta bi ta a baya.