Wa Zai Yanka Zakaran Kawu?

Tun ranar da kamfanin da ke ƙera tsarin wayoyi ya sanar cewa sabon zubin tsarin na tafe kafin ƙarshen shekara, ofishin su Auta ya rikice. Auta, wadda ita ce shugabar aikin duk da sunan da ya maƙale mata tun zuwanta tana ƙaramar kowa, ta cika allon bango da 'yan takardu masu gam. Kowace takarda aiki ɗaya ce da sunan mai yinsa. Manhajarsu ta tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani ce, kuma idan sabon tsarin ya sauka ba su shirya ba, wayoyin mutane za su yi tsit, magani ya wuce.

Takarda ɗaya ce babu suna a kanta. An rubuta mata: "Cire Zakara."

Zakara shi ne ɓangaren da ke tayar da waya ta yi ƙara ko da an rufe manhajar. Kawu, dattijon ofishin, shi ne ya rubuta shi da hannunsa tun kamfaninsu yana ɗaki ɗaya da fanka mai gurnani, shi ya raɗa masa sunan, kuma har yau idan ana zancensa sai ka ga yana shafa furfurar gemunsa kamar an yabi ɗansa. To, sabon tsarin ba zai ƙara barin Zakara ya yi cara ba. Dole a cire shi, a rubuta wani ta sabuwar hanya, hanyar da Kawu bai taɓa bi ba.

Wa zai faɗa masa? Auta dai ta kasa. Wannan mutumin ne ya zaunar da ita kusa da shi lokacin da ko kuskurenta ba ta iya ganowa. Don haka duk ranar taron tsara aiki, sai ta ɓare takardar daga wannan makon ta manna a na gaba, tana magana da sauri a kan wani abu daban.

"Hajiya shugaba," in ji Dogo mai gwajin manhaja, bayan Kawu ya fita shan iska, "zakaran nan fa ya fi mu yawo. Saura kaɗan ya faɗo daga allon."

"Kai ka je ka faɗa masa mana, tunda bakinka ba ya ciwo."

"Ni? Rufa min asiri. Shi ya koya min ɗaura igiyar kwamfuta."

Haka suka yi ta kewaye-kewaye. Da Kawu ya shigo, hira ta mutu. Aka riƙa ba shi ƙananan ayyuka, gyaran kalar maɓalli da makamantansu, wai don kada a wahalar da shi. Su a ganinsu tausayi suke yi. Kayya!

Takarda kuwa ta gaji da ɓarewa da mannawa, gam ɗinta ya mutu. Wata safiya ana tsakiyar taro ta saki, ta yi lilo, ta sauka daidai kan takalmin Kawu. Dogo ya soma tari na ƙarya. Kawu ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauka, ya nisanta ta da idonsa saboda ya bar tabarau a tebur.

"Auta, zo mu yi magana."

Suka koma lungun da ake dafa shayi. Ta fara jero bayani, shi kuwa ya ɗaga hannu.

"Bar wahalar da bakinki. Tun fitowar zubin gwajin sabon tsarin na saka shi a wayata. Ai da Zakara nake shan maganin hawan jinina. Ranar bai yi cara ba, sai da gwaggonki ta biyo ni da ƙwayar a hannu tana faɗa." Ya yi 'yar dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Na san kwanansa ya ƙare. Abin da ban sani ba shi ne, ni ma an sa min rana ne? Na ga kowa da sunansa a allo, ni kuma sai kalar maɓalli. Na ce to, ƙila yaran nan kunyata suke ji, suna jira in gane da kaina."

Auta ta ji kamar ta nutse. Ashe duk wannan lallaɓawar, shi sallama yake karantawa a cikinta! Idonta ya cika, haushin kanta ya kama ta.

"Haba Kawu! Wallahi tsoro nake kada ranka ya ɓaci."

"Ai kuwa ya ɓaci, 'yar nan. Shirun ne ya ɓata shi."

Ta karɓi takardar, ta koma gaban allo kowa na kallo, ta rubuta sunansa a kanta. Ta ciro sabuwa ta rubuta "Sabon Zakara," ta sa sunansa a nan ma, nata a ƙasa. Ta danne su da salatif a makon da suke ciki.

"Na farkon zan iya," in ji Kawu a hankali. "Ni na haife shi, ni zan yanka shi. Na biyun fa? Ban san hanyar ba."

Ta jawo kujerarta mai taya har gefen teburinsa, daidai inda ta saba zama shekarun baya, sai dai yau allon rubutun kwamfutar a gabanta yake. Kawu ya saka tabarau, ya gyara zama, ya haɗe hannuwa a cinya.

"To, Malama, a bi ni a hankali, kamar yadda na bi ki."

"A hankali? Kai da kake buga min tebur har shayi ya zube?"

Ofis ya kwashe da dariya, har da shi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauke kofin shayinsa daga teburin, ya ajiye a ƙasa can nesa da ita.

"Na shirya," ya ce. "Fara daga farko."